Guguwa Mai Ɗagawa Ta Sake Sauka

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sarrafa iskoki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri, idan damina ta kawo kai, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Sai ta yaye kwanon wani gida, ta tsallake na maƙwabcinsa, ta je ta kayar da rumbun wani. Daga nan sai surutu ya tashi. Waɗansu su ce aljanu ne ke wucewa, waɗansu su ce alhaki ne ya kama mai gidan. Babu hujja a kan ko ɗaya.

Masana yanayi sun bayyana cewa guguwa mafi muni tana fitowa ne daga babban hadari wanda cikinsa ke juyawa, irin wanda ya yawaita a Amurka. A can ne wata ta hallaka mutum 695 a jihohi uku ran 18 ga Maris, 1925. Abincinta shi ne iska mai ɗumi da laima wadda ke hawa sama. Idan iska mai sanyi da ke saukowa tare da ruwa ta kewaye ta, sai ta yanke mata wannan abinci, ƙarfinta ya ƙare, ta ɗaga. Amma hadarin bai mutu ba. Yana isa gaba ya sami wata iskar mai ɗumi, sai ya haifi sabuwar guguwa, mutane su zaci ta farin ce ta dawo. Tsallaken gidaje kuwa, sau da yawa bambancin ƙarfin gini ne. Wannan duka sababi ne, Allah kuwa Shi ne Mai sababin.

Suratul Ahƙafi ta ba da labarin Adawa, waɗanda suka hangi girgije suka yi murnar ruwa, ashe iskar halakarsu ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Nana A'isha cewa akan ga damuwa a fuskar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, idan ya ga hadari. Ya kuma hana zagin iska, ya koyar da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta.

Saboda haka, kada Musulmi ya ruɗu da lafawar iska ya saki yara waje alhali hadari bai wuce ba. Ya gyara rufinsa tun da rani, domin tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Wanda kuma aka tsallake gidansa, kada ya ɗauka ya fi maƙwabcinsa tsarki. Shi ma jarrabawa ce ta same shi, a ga ko zai ba wanda ya rasa rufi masauki da hatsi, ko kuwa zai tsaya yi da shi.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyaye bayinSa. Amin.