Zafin Attarugu da Tambayar Ciwo

Motocin da ke tasowa daga Arewa su sauke kayan gwari a Kasuwar Shasha ta Ibadan ba sa rasa attarugu da tattasai da albasa. 'Yan dako da masu tsinta sun san yadda attarugu ke ƙona hannu da ido, sun kuma san babu wuta a cikin kwandon. To daga ina ƙunar take fitowa? Wannan tambaya ce David Julius, masanin aikin sassan jiki a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ya ɗauka da gaske. A 1997 shi da abokan aikinsa suka gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin jin ciwo, mai suna TRPV1. Idan sinadarin kafsaisin na barkono ya taɓa ta sai ta buɗe, sodiyom da kalsiyom su kwarara cikin ƙwayar jijiya, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ƙofar nan kuma ita ce ke buɗewa idan zafi ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Wato barkono aron hanyar wuta yake yi. Kan wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Ina ganin binciken ya taɓa wata tsohuwar muhawara tamu: me ya sa Allah Mai rahama ya halicci ciwo? Amsar da aka saba ji ita ce jarrabawa ce ko kankarar zunubi, kuma mumini ba ya musun haka. Sai dai jikin kansa yana nuna wata hikimar da ta riga waɗannan bayyana: ciwo mai gadi ne. Digiri 43 ɗin nan kusan daidai yake da inda zafi ke fara lahanta nama, don haka gargaɗin yana zuwa kafin ɓarna. Wanda ke shakka ya dubi kuturta. Yawancin yatsun da ake rasawa ba ƙwayar cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiya ce ke mutuwa, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe. Haka ƙafar mai ciwon suga. A 2006 ma an ba da rahoton wasu iyalai a arewacin Pakistan da aka haifi 'ya'yansu ba sa jin ciwo ko kaɗan saboda lalacewar wata ƙofar sodiyom, kuma yaran sun sha karaya da cizon harshe ba tare da sun ankara ba.

Mai ja zai ce: to ciwon mai sikila fa, ko na mai ciwon daji, wane gadi yake yi? Wannan ja ne mai nauyi, musamman a Najeriya da ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma bai kamata a rufe shi da wa'azi ba. Abin da ɗakin binciken Julius ya nuna shi ne ƙofar ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Idan nama ya kumbura, sinadaran da jiki ke fitarwa suna sassauta ta har ta buɗe da ɗumin da a da bai isa ya motsa ta ba. Shi ya sa ruwan ɗumi ke ƙona fatar da ta ji rauni. Wannan yana kare miki har ya warke, amma yana iya zarcewa, ciwo ya daina zama saƙo ya koma cuta mai zaman kanta. Tunda kuwa cuta ce, hukuncinta na sauran cututtuka ne: a nemi magani. Yawancin malamai ba su ɗauki neman magani a matsayin ƙin ƙaddara ba, saboda haka babu dalilin da zai sa a bar yaro yana murƙususu ana ce masa ya yi haƙuri alhali asibiti na kusa.

Wani kuma zai juyo ta ɗaya ɓangaren ya ce tunda an gano ƙofar, zancen hikima ya ƙare, sinadari ne kawai. Amma sanin sababi bai kore tambayar dalili ba, kuma waɗanda suka raina tsarin sun ga sakamako. Kamfanonin magani sun haɗa ƙwayoyin toshe TRPV1 da fatan kashe ciwo gaba ɗaya, sai zafin jikin waɗanda aka gwada a kansu ya tashi, wasu kuma suka daina gane abu mai ƙuna da wuri. Abin da ya samu karɓuwa shi ne manna kafsaisin mai ƙarfi a fata, wanda Amurka ta amince da shi a 2009: yana gajiyar da jijiyoyin wurin da ke ciwo kaɗai na tsawon watanni, ya bar na sauran jiki suna aikinsu.