'Ya'yan Ibrahim: Shin Duk Ɗaya Ne?

Akwai maganganu biyu da muke yawan ji a kasuwa, a gona, har ma a ƙofar coci bayan an tashi daga sujada. Wani ya ce, "Ai duk ɗaya ne, kowa ya riƙe nasa." Wani kuma ya ce, "Waɗannan ba su san Allah ba sam." Dukansu biyu suna da sauƙin faɗa, domin ba sa bukatar tunani. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ta zama koyarwar Ikkilisiya, kuma da yake 'ya'yanmu suna jin su daga bakinmu, ya wajaba mu auna su.

Bari mu fara da abin da ya haɗa mu. Bayahude mai ibada yakan shaida safe da yamma cewa Allah ɗaya ne. Musulmi da wannan shaida yake shiga addininsa, da ita kuma yake fatan cikawa. Mu ma, shaidar bangaskiyar da muke furtawa kowace Lahadi, wadda tushenta ya fito daga taron Nikiya na shekarar 325, da Allah ɗaya take farawa. Dukanmu mun yarda shi ne Mahalicci, ya yi magana ta bakin annabawa, zai kuma yi wa kowa shari'a. Dukanmu muna kiran Ibrahim uba. Saboda haka ne Babban Taron Vatikan na Biyu, cikin takardar Nostra Aetate ta 1965, ya ce Ikkilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, gama suna yi wa Allah ɗaya sujada, suna darajanta Budurwa Maryamu, suna riƙe da addu'a da azumi da sadaka. Wanda ya ce maƙwabcinsa Musulmi bai san Allah ba, to, da uwarsa Ikkilisiya yake gardama.

To, ina aka rabu? An rabu ne a kan tambaya guda: ta yaya Allah Maɗaukaki ya kusanci ɗan Adam?

Bayahude ya amsa cewa ta wurin alkawari ne. Allah ya zaɓi Isra'ila, ya ba Musa Attaura a Dutsen Sinai, kiyaye ta kuwa ita ce hanyar rai. Almasihu bai zo ba tukuna, in ya zo ma mutum ne, ba Allah ba. Musulmi ya amsa cewa ta wurin Littafi ne. Alƙur'ani maganar Allah ce da aka saukar wa Annabi Muhammadu, cikamakin annabawa. Isa ɗan Maryamu babban manzo ne, an haife shi ba tare da uba ba, amma bawa ne kamar sauran bayi. Mu kuwa mun ce Allah bai tsaya ga aiko da saƙo ba, shi da kansa ya zo. Kalmar da take tare da Uba tun fil'azal ta zama mutum. Wani lokaci akan kwatanta Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani, Yesu kuma da Muhammadu, amma wannan kwatanci bai zauna daidai ba. Matsayin da Alƙur'ani yake da shi a wurin Musulmi, wato Kalmar Allah madawwamiya da ta sauko duniya, shi ne ya fi kusa da matsayin Yesu a wurinmu. Idan muka gane wannan, za mu gane dalilin da ya sa zuciyarsu take ƙuna in an wulaƙanta Littafinsu.

Haka kuma in muka ce Ɗan Allah, maƙwabcinmu yakan ɗauka muna nufin Allah ya yi aure ya haihu. Wannan saɓo ne a wurinsa, a wurinmu ma saɓo ne. Ba alloli uku muke bauta wa ba. Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikinmu ba za su iya bayyana wannan ba ko da an ba su yini guda.

Sai maganar gicciye, wadda ta fi kowace nauyi. Alƙur'ani ya ce ba a kashe Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Musulunci ya koyar cewa Adamu ya tuba an gafarta masa, babu mai ɗaukar nauyin wani. Yahudawa ma ba su da koyarwar zunubin asali irin tamu. Tuba da Ranar Kafara su ne ƙofar gafara a gare su. Mu kuwa mun ce ciwon ya yi zurfin da umarni kaɗai ba zai warkar ba, sai da Mai Ceto ya mutu ya tashi. In aka cire gicciye, babu abin da ya rage a kan bagadenmu. Mai cewa duk ɗaya ne yana tsammani zaman lafiya yake nema, alhali ya raina imanin Musulmi da nasa gaba ɗaya, ya mai da abin da mutane suka ba da ransu dominsa kamar zaɓin launin riga.

Game da Yahudawa, yawancinmu ba mu taɓa zama da ko ɗaya ba, duk da haka sunansu yakan fito daga bakinmu da ɗaci a Makon Tsarki. Mu tuna Yesu da Maryamu da manzanni duka Yahudawa ne, Zaburar da muke rerawa tasu ce. Nostra Aetate ta hana a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawa, na wancan zamani ko na yanzu. A 1986 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya shiga majami'arsu a Roma, ya kira su yayyenmu.

Shi wannan Paparoma, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya tsaya a gaban dubban matasa Musulmi a Kasabalanka ta ƙasar Maroko a watan Agusta na 1985. Ya gaya musu cewa mu da su Allah ɗaya muka gaskata. A cikin jawabin nan kuma, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya gaya musu cewa babban abin da ya raba mu shi ne ko wane ne Yesu Banazare, wanda mu Kirista muke kira Ubangiji da Mai Ceto.