Tsakanin Ƙana'a da Himma: Hukuncin Barin Ƙaramar Makaranta

Tambayar da ke damun ɗalibai da yawa a ƙananan makarantun arewacin Gana, kamar Kwalejin Horar da Malamai ta Gbewaa da ke Pusiga, wadda aka kafa tun shekarun 1950, ita ce ko ya dace ɗalibi ya bar inda yake ya nufi babbar jami'a, kamar wadda aka buɗe a Tamale a 1992 ko kuwa ta Legon da ke Akara. Ko da yake tun 2018 kwalejojin horar da malamai na ƙasar suna bayar da karatun digiri na shekara huɗu, ƙorafin bai gushe ba, domin ɗalibin da ke zaune kusa da iyakar Togo yana ganin ƙarancin littattafai da fannoni, kuma yana jin cewa takardar babban gari ta fi daraja.

A tunanin Musulunci wannan tambaya tana tsakanin halaye biyu da aka yaba: ƙana'a, wato wadatar zuci da abin da Allah ya hore, da himma, wato ɗaga buri zuwa ga abin da ya fi. Hujjar masu tafiya tana da ƙarfi, domin Suratul Kahfi ta ba da labarin Annabi Musa, wanda duk da matsayinsa ya yi tattaki don koyo a wurin bawan Allah da ya san abin da shi bai sani ba, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu har Agadas. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

Sai dai magabata sun gindaya sharaɗi. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya hori ɗalibi da ya yi dogon nazari kafin ya zaɓi malami, sannan ya dage a wurinsa, kada ya riƙa sauya littafi ko gari ba tare da larura ba, saboda hakan yana raba hankali, yana kuma ɓata lokaci. Abin lura shi ne cewa Annabi Musa da Shehu sun tafi ne wurin wani malami takamaimai don wani ilimi takamaimai. Girman gari bai shiga lissafinsu ba.

Tarihin yankin ya ƙara haskaka wannan batu. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya zauna a Salaga lokacin da take babbar kasuwar goro, sa'annan bayan yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 ya koma Kete-Karaci, inda ya rasu a 1934. Garin bai kai Kano ko Sakkwato ba, amma ɗalibai suka riƙa zuwa daga zanguna masu nisa suna durƙusawa gabansa, kowa da littafinsa, yana yi musu fassara jimla bayan jimla. Irin wannan kusanci, inda malami ya san raunin kowane ɗalibi, shi ne abin da ƙaramar makaranta take iya bayarwa, alhali zauren lacca mai ɗaruruwan mutane yakan rasa shi.

Saboda haka ma'aunin shi ne niyya da larura. Ɗalibin da ke son likitanci ko injiniyanci, fannonin da kwalejin malamai ba ta koyarwa, ko wanda ya ƙure abin da malamansa suke da shi, tafiyarsa abin yabo ce. Wanda kuwa son suna da ƙyalƙyalin birni ne suka ja shi, to ya tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin lalacin da ya hana shi karatu a Pusiga zai bi shi har Legon. Kuma duk wanda ya tafi akwai haƙƙin al'umma a wuyansa, tunda makarantun Bawku da Yendi da Salaga suna buƙatar malamai da masana, kuma ilimin da bai amfani mutanen da suka reni mai shi ba bai cika manufarsa ba.