Nasiha Ga Mai Haɗa Salak ɗin Makaroni

A 'yan shekarun nan da wuya a yi walima ko suna a nan Kaduna, a Unguwar Rimi, Malali ko Badarawa, ba a ga salak ɗin makaroni a gefen shinkafa da kaza ba. Yana da daɗi, ga sauƙin haɗawa, amma ki riƙe wannan: miya tana komawa kan wuta ta sake tafasa, shi kuwa salak da zarar an haɗa shi ya yi sallama da wuta ke nan. Duk ƙazantar da ta shige shi, a cikin mai ci za ta sauka.

Tun daga cefane za ki fara kula. Ko a Kasuwar Sheikh Gumi kika saya ko a Kawo ranar Talata, karas da kabeji da kokwamba sun bi hannuwa da yawa, wasu ma da ruwan rafi aka yi musu ban ruwa. Ki wanke su da ruwan da ke kanki za ki yarda ki sha. Ki kankare karas, ki fere kokwamba, ki yar da ganyen kabeji na sama. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su kusanci kayan lambu sai an wanke su da sabulu.

Makaronin ki zuba shi a tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, minti 8 zuwa 10, kada ya caɓe. Ki tace, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki bar shi ya tsane ya huce sarai. Ƙwai kuma ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri.

Babbar maganar ita ce lokaci. In ciki ya ɓaci akan ɗora wa bama laifi, alhali ta kwalba tana da tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Inda suke samun mazauni shi ne dafaffen makaroni da ƙwai da aka bari cikin zafi. Masana lafiyar abinci sun yi gargaɗi kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa, awa 1. Kin san zafin Kaduna a Maris da Afrilu, kin kuma san halin wutarmu. Salak ɗin da aka haɗa da hantsi, aka rufe a kula, ba a buɗe ba sai bayan la'asar, shi ke kwantar da gida guda da amai da gudawa.

Don haka ki ajiye kowane kaya daban a firij ko kan ƙanƙara, ki haɗa daidai bakunan da za su ci, kada ki zuba bama sai an zauna. Wanda ya wuni a waje kuwa, kada gudun asara ya sa ki miƙa wa almajiri ko yaran maƙwabta. Lafiyarsu amana ce a hannunki, 'yata, ki zubar da shi, Allah zai mayar miki da alheri.