Ɗakin Araha da Baƙo Mai Kare

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ta fito daga ƙasa mai nisa, amma ta isa mu zauna mu auna ta. In mutum ya biya kuɗi kaɗan domin wurin kwana, ya tarar da ɗakin cike da ƙazanta, yana da bakin magana, ko kuwa sai ya yi shiru tun da shi ne ya zaɓi araha? In kuma mai gidan ya san baƙon nan ba shi da wani wurin zuwa, wannan ya rage nauyin da ke kansa ne, ko ya ƙara? Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne Amurka, wurin mutanen da su ke doguwar tafiya tare da karnukansu.

Sai mu fara sanin yadda abin ya ke a can. A gidaje da yawa kare cikin ɗaki ya ke kwana, a kan kai shi wurin likita, yara kuma su kan tashi tare da shi. In maigida ya sami aiki a wani gari, ko zai je jana'izar mahaifinsa, sau da yawa ba shi da wanda zai bar wa karen. Ƙasar kuwa da faɗi. Daga New York zuwa Los Angeles wajen mil 2,800 ne, tafiyar kwana huɗu ko biyar a mota. Manyan motocin haya na Greyhound ba su ɗaukar kare, sai wanda ya ke yi wa makaho ko wani naƙasasshe hidima. Jirgin ƙasa na Amtrak ya kan karɓi ƙanana kaɗai, waɗanda ba su wuce laba 20 ba. A jirgin sama babban kare sai dai a sa shi cikin akwati a wurin kaya. Saboda haka mai kare ya kan shiga motarsa. Da dare ya yi, ga gajiya, sai ya fara neman wurin da za a karɓe su su biyu.

Akwai irin masaukin da a ke ginawa a bakin hanya domin masu mota, ana ce da shi motal. Na farko da ya ɗauki sunan nan an buɗe shi a San Luis Obispo, cikin Jihar Kalifoniya, a 1925. Bayan da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin ƙasar a 1956, sai irin gidajen nan suka bazu ko'ina. A 1962 waɗansu magina biyu suka buɗe Motel 6 a Santa Barbara, suna karɓar dala 6 a kowane dare, daga nan sunan ya fito. Dabararsu ita ce a cire duk abin da ba dole ba, a bar wa matafiyi ɗaki da gado da wurin wanka. Wannan dabara ce mai kyau, talaka ya amfana da ita ƙwarai.

Amma gini ya kan tsufa, masu shi kuma su kan sake hannu. Cikin dubban motal na ƙasar akwai waɗanda aka ƙyale suka lalace, kuma sau da yawa irinsu ne ba su korar mai kare. Matafiyi ya buɗe ƙofa, warin taba da danshi su tarye shi. Darduma ta yi baƙi, famfo yana ɗiga, makullin ƙofa ba ya kamawa, ga fasassun kwalabe a filin da zai zaga da karensa. Ya ɗaga katifa, ya ga ɗigo-ɗigon kuɗin cizo. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, masauki na gaba kuwa ya rubuta a ƙofa ba a shiga da dabba.

To, bari mu ba mai gidan dama ya yi magana, gama ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukunci ba a ji daga bakinsa ba. Zai ce, kuɗin da na ke karɓa kaɗan ne, a ciki zan biya haraji da wuta da ma'aikata. Karnukan nan su ne su ke yage labule su ɓata darduma. Wanda ya ke son gidan sarki sai ya biya kuɗin gidan sarki. Akwai gaskiya cikin maganarsa, Hausawa ma sun ce araha ba ta ado. Wanda ya biya kuɗin ɗaki ƙarami ba shi da ikon yin gunaguni don ɗakin ƙarami ne, ko don kujera ta tsufa, ko don ba a kawo masa shayi da safe ba. Matafiyin da ya ke tsawata wa yaron masauki saboda irin waɗannan, girman kai ne ya ke damunsa.

Sai dai ado dabam, tsabta dabam. Kowa ya taɓa shiga ɗakin tsohuwa matalauciya wadda ta share daɓenta, ta wanke ƙwaryarta ta kife, ya san talauci ba ya hana shara. Rashin kuɗi shi ya ke kawo tsohuwar kujera. Zanen gadon da ba a canja ba bayan wani ya kwana a kai, wannan ƙyuya ce, ko kuwa rowar sabulu. Mai-Wa'azi 10:18 ya ɗora laifin rufin da ya lotsa da ɗakin da ya ke yoyo a kan ragwanci, bai ɗora shi a kan talauci ba. Mutumin da ya biya kuɗin kwana, kome ƙanƙantarsu, abu uku ya saya: wurin da zai yi barci, ƙofar da za ta kulle, da gadon da ba zai sa masa cuta ba. In ɗaya ya ɓace, an karɓi kuɗinsa ba a ba shi kayansa ba. Misalai 11:1 ya gaya mana yadda Ubangiji ya ke ƙyamar ma'aunin zamba, ɗaki ma kuwa mudu ne.

Mu kan yi wa'azi a kan Basamariye mai kirki, mu manta da wani mutum cikin labarin (Luka 10:30-35). Basamariyen bai kai majinyacin gidansa ba. Masaukin kuɗi ya kai shi, ya bar wa mai masaukin dinari biyu, wato ladan ma'aikaci na kwana biyu bisa ga Matta 20:2, ya tafi abinsa da alkawarin zai biya sauran in ya komo. Jinƙansa duka ya rataya ne a wuyan wani ɗan kasuwa. Da mai masaukin ya jefa majinyacin a ɗakin da ɓeraye su ke wasa, ya sa kuɗin a aljihu, da man nan da ruwan inabin da aka zuba a rauni sun tafi a banza. Aikin da a ke biyan mutum dominsa amana ne, biyan bai cire shi daga gaban Allah ba.

Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya ja 'yar katanga kewaye da rufin soronsa, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan (Kubawar Shari'a 22:8). Ba a ce sai gidan mawadaci ba. Romawa ma, da ba su san Musa ba, sun sa doka cewa mai jirgin ruwa da mai masauki da mai bargar dawaki su ne za su biya in kayan matafiyi suka salwanta a hannunsu. Tsohuwar shari'ar Ingila ta hana mai masauki korar matafiyi mai iya biya in akwai wuri. Dalilin ɗaya ne. Baƙo bai san gari ba, dare ya yi masa, ba ya iya ciniki kamar ɗan gari.

Nan ne maganar ta fi nauyi. Mai gidan da ya ke cewa a ransa, ina za shi da karnuka biyu a tsakar daren nan, ya mai da matsuwar ɗan'uwansa ta zama jarinsa. Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar Isra'ila waɗanda su ke sayar wa matalauta da sharar alkama (Amos 8:4-6). Don me suka iya? Don mai yunwa ba ya mai da kaya. A ganina, gwargwadon yadda baƙo ya rasa zaɓi, haka bashin da ke kan mai gida ya ke ƙaruwa. Doka ta ba shi iko ya ce ba ya karɓar dabbobi, ban da karen da ke yi wa naƙasasshe hidima, wanda dokar 1990 ta tilasta a karɓa ba ƙarin kuɗi. Amma in ya karɓa, sau da yawa har da ƙarin kuɗin kare, to, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Watakila wani mai karatu ya ce, Pasto, duk wannan dogon zance a kan kare? Gaskiya ne Littafi Mai Tsarki bai cika yabon kare ba. Duk da haka Ayuba yana da karnukan da ke tsaron garkensa (Ayuba 30:1), macen nan Bakan'aniya kuma ta san karnukan da ke cin gutsattsari a gindin teburin iyayengijinsu (Matta 15:27). Abin da ya fi wannan, dubi yadda a ke saukar baƙo a Farawa 24. Rifkatu ta shayar da bawan Ibrahim, sa'an nan ta yi ta ɗibar ruwa domin raƙuma goma, raƙumi mai ƙishi kuwa ya kan sha fiye da galan 20. A gidan Laban aka sauke wa raƙuman kaya, aka ba su harawa, kafin a kawo wa mutanen ruwan wanke ƙafa. Tsohon nan na Gibeya ma haka ya yi da jakunan baƙonsa (Alƙalawa 19:21). A wurinsu wanda ya sauki mutum ya sauki dabbarsa. Misalai 12:10 kuwa ya lissafa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci.

Ni dai ina ganin akwai masu wuce gona da iri, waɗanda su ke kashe wa kare abin da zai ciyar da marayu. Amma mutumin da ya ƙi yasar da abin da ke dogara gare shi, ba zan kira shi wawa ba. A watan Agusta na 2005, sa'ad da guguwar Katrina ta auka wa New Orleans, mutane da yawa suka ƙi barin gidajensu don motocin ceto da wuraren mafaka ba su karɓar dabbobi, waɗansunsu kuwa suka mutu cikin ruwan. A 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta sa hukumomi su riƙa lissafa dabbobin gida cikin shirinsu na kwashe jama'a. Sun gane ba za a ceci irin mutumin nan shi kaɗai ba.

Ƙazantar ɗaki kuwa a kan kare ta ke fara sauka, gama hancinsa a ƙasa ya ke. Ƙwan ƙuma ya kan zuba cikin darduma ya jira baƙo na gaba. Akwai cutar fabo, wadda aka gano a 1978, mai sa amai da zawon jini tana kashe 'yan kwikwiyo. Ƙwayarta ta kan yi watanni da rai a ƙasa, sabulu kaɗai ba ya kashe ta sai an sa ruwan bilic. Maigidan ya zaɓi tafiya, ya zaɓi ɗakin araha. Karen bai zaɓi kome ba.

Yanzu sai mu juya kan matafiyin, gama shi ma akwai bashi a wuyansa. Fitowa 21:28-36 da 22:5 sun sa ɓarnar dabba a kan mai ita. Akwai masu shigar da kare a ɓoye ta ƙofar baya don kada su biya, wannan sata ce, ko da gidan ya lalace. Akwai masu kulle shi a ɗaki su tafi cin abinci, ya yi ta haushi, direban babbar mota da ke ɗakin kusa ya kasa barci, gobe kuwa zai kama hanya da asuba. Jarabar da ta fi kowace sauƙin faɗawa ita ce mutum ya dubi ɗakin ya ce, ai wurin ya riga ya lalace, sai ya bar kashin kare a bakin ƙofa, ya goge ƙafafunsa da tawul. Haka gida ya ke mutuwa, mai shi yana cewa baƙi ne ba su kula, baƙi suna cewa mai shi ne bai kula ba. Wanda zai durƙusa ya kwashe abin kuwa ba mai gidan ba ne. Wata mata ce mai ƙaramin albashi, wadda aka ba ɗakuna da yawa ta gyara kafin azahar, sau da yawa baƙuwa ce ita ma a ƙasar.

In mai bi ya tarar da irin ɗakin nan, ba tawali'u ba ne ya yi shiru, gama gobe wata uwa za ta kwantar da jaririnta a gadon nan. Hanyar Matta 18:15 ita ce a fara da mutumin ido da ido. Ya je wurin mai gidan, ya nuna masa katifar, ya roƙi wani ɗaki ko a mayar masa da kuɗinsa. In aka ƙi ji, akwai hukumar lafiya ta gari, yana kuma da iko ya gargaɗi sauran matafiya a intanet. Sai dai ya faɗi abin da idonsa ya gani kurum. Wanda ya ga kyankyaso ɗaya ya rubuta ɗari, ya yi shaidar zur, ko da a kan mai laifi ne.

Mu ma ba baƙi ba ne ga sha'anin masauki. A zamanin da, fataken goro da su ke zuwa Salaga da Kumasi su kan sauka wurin maigida a zango, ya ba su ɗaki da abinci da wurin ɗaure jakai, ya ci la'adarsa a ciniki. In ya wulakanta su, baɗi ayarin ya sauka gidan wani. Yau Ekklesiyoyinmu da yawa suna da ɗakin baƙi, waɗansu har suna karɓar kuɗi kaɗan. Masu kwana a ciki su ne mai bishara daga ƙauye, da gwauruwar da ta kawo ɗanta asibiti, da ɗalibin da mota ta lalace masa, mutanen da ba su da kuɗin otal, ba kuwa za su kai ƙarar gidan Allah wurin kowa ba. A taron dattawa na watan nan, kafin a karanta lissafin abin da ɗakin ya kawo, bari dattawa biyu su karɓi mabuɗi, su je su ɗaga katifar, su duba gidan sauro, su leƙa makewayi, su kuma gwada ko ƙofar tana kulluwa daga ciki.