Darasin Yaƙin Gwalalo ga Muƙaddamai da Hadiman Zawiya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya ƙarato, zawiyoyi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan cika da hidima. Ana neman rumfuna da tabarmi da lasifika, ana tara gudummawa, ana kai wa iyaye mata buhunan shinkafa, ana share masaukin baƙin da za su zo daga ƙauyuka. Abin takaici shi ne a daidai wannan lokaci ne aka fi samun ɓaraka tsakanin ƴan uwa. Mutanen da suka shekara suna kewaye farin ƙyalle ɗaya a wazifa, gwiwa na gugar gwiwa, sai a wayi gari gaisuwarsu ta yi sanyi. Idan aka bi diddigi, ba a kan wuridi suka saɓa ba, ba kuma a kan son Shehu ba. Sun saɓa ne a kan wa aka tambaya da wa ba a tambaya ba, wa ya yanke magana, wa ya ɗauki nauyi shi kaɗai, wa kuma ya zo ranar taro ya zauna a sahun gaba. Maganin wannan ciwo yana cikin tarihin Wanda ake taruwar dominsa, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a Yaƙin Gwalalo.

A shekara ta 5 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 627 Miladiyya, Ƙuraishawa ƙarƙashin Abu Sufyan da ƙabilun Gaɗafan da wasunsu suka yi wa Madina taron dangi da mayaƙa kusan 10,000, alhali Musulmi ba su wuce 3,000 ba. Da labari ya iso, Manzon Allah (SAW) ya tara sahabbai ya nemi shawararsu. Shi ne wanda wahayi ke sauko masa, amma ya saurara, kuma shawarar da aka ɗauka ba daga bakin manyan Muhajirai ko shugabannin Ansaru ta fito ba. Sayyidina Salmanul Farisi ne ya kawo ta, baƙo mutumin Farisa, wanda bai daɗe da fita daga ƙangin bauta ba. Ya ba da labarin yadda mutanen ƙasarsu ke haƙa rami kewaye da kansu idan suka ji tsoron mahaya dawaki. Larabawa ba su san wannan dabara ba, amma ba a ce masa wannan ba al'adar gari ba ce. Aka karɓa, aka auna gefen arewa inda garin yake a buɗe, aka bar dutsen Sal'u a bayan runduna.

Ya kamata a tuna cewa shekara biyu kafin wannan, shawara ce ta fitar da Musulmi zuwa Uhudu, alhali Annabi (SAW) ya fi karkata ga a tsaya cikin gari, kuma an san abin da ya faru a can. Da wani shugaba ne, da ya ce tun da ya bi ra'ayinsu aka sha wuya, ya rufe wannan ƙofa ke nan. To amma ayar Suratu Ali Imrana da ta umarce shi da yafe musu da nema musu gafara da shawartarsu, a kan al'amarin Uhudu ta sauka.

Da aka zo aiki, ba a ce kowa ya ɗauki diga ya haƙa inda ya ga dama ba. Malaman sira sun ambata cewa an yanka wa kowane mutum 10 kamu 40. Kowace ƙungiya ta san inda rabonta ya fara da inda ya ƙare, wanda ya gaza za a gani, wanda ya gama zai iya taimakon maƙwabcinsa. Wannan ƙaramin tsari ne da zawiyoyi da yawa suke rainawa. Sai a tashi daga zama an ce "ƴan uwa za su kula da ruwa", ba a ambaci sunan kowa ba, ranar Maulidi kuma a ga randuna wayam, kowa yana zaton ɗan uwansa ya yi. A ƙarshe samari biyar ko shida da aka saba da su, su ne masu kafa rumfa, su ne masu rabon abinci, su ne masu shara bayan an watse, har ranar da za su gaji su janye, a ce himmarsu ta yi rauni. Haka kuma a wurin gwalalon mumini ba ya barin rabonsa sai ya nemi izni, in ya biya buƙatarsa ya dawo, munafukai ne ke sulalewa ba sallama, kuma malaman tafsiri da na sira sun danganta ayoyin ƙarshen Suratun Nur da wannan hali.

Lokacin sanyi ne da yunwa. Sayyidina Barra'u ɗan Azibu ya ga Manzon Allah (SAW) yana jidar ƙasa har ƙura ta rufe fatar cikinsa mai daraja. Sayyidina Jabir ɗan Abdullahi ya ce sun yi kwana uku ba su ɗanɗani abinci ba, ya kuma ga dutse ɗaure a cikin Annabi (SAW) saboda yunwa. Jabir ya koma gida, aka yanka ƴar akuya, aka niƙa sa'i ɗaya na sha'ir, ya zo a asirce ya gayyace shi da mutum ɗaya ko biyu. Sai Manzon Allah (SAW) ya ɗaga murya ya kira mutanen gwalalo baki ɗaya, ya tsaya da kansa yana gutsura gurasa yana ɗora nama yana miƙa musu, har mutum 1,000 suka ƙoshi tukunya tana nan tana tafasa. Ana yawan karanta wannan ƙissa a babin mu'ujiza, kuma mu'ujiza ce babu shakka. Amma akwai abin da ke cikinta wanda kowane muƙaddami zai iya koyi da shi ba sai da karama ba: bai yarda ya ci a ɓoye masu aiki suna jin yunwa ba. A wasu tarukan, hadiman da suka kwana a tsaye su ne na ƙarshen samun kwano, wani lokaci ma ƙanzo suke tararwa, bayan an kai manyan akusa ɗakin manyan baƙi. Girmama baƙo wajibi ne, amma wanda ya dafa ya ɗauko shi ma yana da ciki.

Bai tsaya ga ciyar da su ba. Da wani dutse ya gagari digarsu, ya sauka ramin da kansa ya sare shi, kuma a wata ruwaya, a kowane sara yana yi musu bushara da buɗe Sham da Farisa da Yaman. Mutanen da tsoro ya hana su nisa ko don biyan buƙata ake faɗa wa wannan, har munafukai suka mai da abin ba'a. Muminai kuwa suka fahimci cewa ramin da suke haƙa ba don tsare gonakin dabino kaɗai ba ne. Hadimi ma haka yake: idan ya san tabarmar da yake shimfiɗawa masu salati ne za su zauna a kai, nauyinta daban ne da idan an aike shi kawai da tsawa.

Sai dai babban darasin yana cikin abin da ya faru da tsanani ya kai matuƙa. An yi kwana ashirin da wani abu ana kewaye da gari, Banu Ƙuraiza sun warware alkawari daga baya, mata da yara suna cikin ganuwoyi. Manzon Allah (SAW) ya so ya raba kan maƙiya, sai ya aika wa shugabannin Gaɗafan biyu, Uyainatu ɗan Hisnu da Harisu ɗan Aufu, cewa za a ba su sulusin dabinon Madina su janye mutanensu. Magana ta yi nisa har an rubuta takarda, saura shaida da zartarwa. Amma dabinon na Ansaru ne, saboda haka ya kira shugabanninsu biyu, Sa'adu ɗan Mu'azu na Ausu da Sa'adu ɗan Ubada na Hazraju, ya shimfiɗa musu maganar. Kafin su ce komai suka yi tambaya: shin wannan umarni ne daga Allah wanda babu makawa sai an bi, ko abu ne da shi yake so, ko kuwa yana yi ne don tausaya musu? Ya amsa musu cewa dominsu yake yi, ganin Larabawa sun yi musu rubdugu ta kowane gefe. Nan Sa'adu ɗan Mu'azu ya ce tun suna shirka mutanen nan ba su taɓa cin dabinon Madina ba sai dai a liyafa ko su saya, to ba yanzu da Allah Ya ɗaukaka su da Musulunci za su miƙa dukiyarsu ba. Manzon Allah (SAW) ya bar musu zaɓinsu, aka goge rubutun.

Wannan tambaya ta Sa'adu biyu ita ce asalin ladabi, kuma irinta Sayyidina Hubabu ɗan Munziru ya yi a Badar game da wurin saukar runduna. Sahabbai sun san akwai fage biyu. Abin da ya zo daga Allah, ji da bi ne kawai, ko da rai zai tafi. Abin da yake na dabara da maslaha kuwa, faɗin gaskiyar ra'ayi a cikinsa shi ne biyayya, ɓoye shi ha'inci ne. Kuma Manzon Allah (SAW) bai ji an taɓa matsayinsa ba don an tambaye shi, bai kuma fake da annabci ya ce wahayi ne alhali ba wahayi ba ne.

A ɗariƙa ma fagen biyu ne. Lazimin safe da na yamma, wazifa, zikirin Juma'a, da sharuɗɗan da muridi ya ɗauka ranar da aka yi masa talƙini, waɗannan amana ce da ta zo hannu da hannu daga Shehu Ahmadu Tijjani (RTA). Muƙaddami bai isa ya ƙara ko ya rage ba, jama'a ma ba su isa su zauna su yi ƙuri'a a kai ba. Amma wace rana za a sa Maulidin unguwa, jika nawa kowane gida zai bayar, a fara rufin zawiya ko a fara haƙa rijiya, wa zai riƙe kuɗi kuma yaushe zai karanta lissafi a gaban mutane, waɗannan duk dabinon Madina ne, masu shi suna da ta cewa. Maganar da magabata suka yi cewa muridi a gaban shehunsa kamar gawa yake a hannun mai wanka gaskiya ce, amma a babin tarbiyyar zuciya aka faɗe ta, a hannun shehi kamili mai sanin cututtukan rai. Ba a faɗe ta don a rufe bakin magini ba idan ya ce ginshiƙin nan ba zai ɗauki bene ba, ko bakin ɗan kasuwa idan ya ce kuɗin da ke hannu ba za su kai ba. Wanda ya ɗauki iznin ba da wuridi ya mai da shi hujja a kan farashin siminti, ya ɗora wa izni abin da ba a ba shi dominsa ba. Masana tasawwufi sun daɗe suna gargaɗi cewa son shugabanci yana cikin abubuwan da suke jinkirin fita daga zuciyar salihai, domin yakan shigo sanye da rigar kishin ɗariƙa.

Muridai ma suna da nasu laifi. Da yawa sukan yi shiru a majalisa, kai a sunkuye, a ce ko akwai mai magana su ce "sai abin da Malam ya ce", sannan a fita a zauna a bakin shago a warware duk abin da aka ƙulla. Wannan ba kunya ba ce, kuma ba ladabi ba ne. Sa'adu ɗan Mu'azu a gaban Manzon Allah (SAW) ya faɗi ra'ayinsa, da tausasan kalmomi, bayan ya tabbatar ƙofar a buɗe take. Shi ne kuma mutumin da kibiya ta same shi a jijiyar hannu a wannan yaƙi, ya rasu da raunin bayan an gama da al'amarin Banu Ƙuraiza.

Idan kuma an yanke magana an ba mutum aiki, to ya tsaya a iyakar da aka yanka masa. A daren ƙarshe, Allah Ya aiko da iska mai tsananin sanyi tana kifar da tukwanen maƙiya tana tumɓuke tantunansu. Manzon Allah (SAW) ya nemi wanda zai je ya ɗauko labarinsu, har sau uku ba wanda ya motsa saboda sanyi da yunwa da tsoro. Bai zage su ba, sai ya kira sunan mutum ɗaya, Sayyidina Huzaifa ɗan Yamani, ya umarce shi ya je ya gano ya dawo, kada ya tayar da su. Huzaifa ya ce da ya kama hanya sai ya ji kamar cikin ɗumi yake tafiya. Ya shiga cikinsu cikin duhu, ya hangi Abu Sufyan yana gasa bayansa a wuta, har ya ɗora kibiya a baka, ga shugaban rundunar gaba ɗaya a gabansa ba shamaki. Sai ya tuna abin da aka ce masa, ya sauke. Ya ji da kunnensa Abu Sufyan yana shelar a tashi a koma, ya juyo ya kawo labari. Da ya isar da saƙo sai sanyin ya dawo masa, Manzon Allah (SAW) ya lulluɓe shi da gefen mayafin da yake salla da shi, ya yi barci a nan har asuba, sannan ya tashe shi yana yi masa raha da yawan barci.

Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabin rahama, Ya ƙara yarda ga sahabbansa baki ɗaya, amin.