Haƙƙin Zaure: Shin Mai Toshe Ƙofarsa Ya Zalunci Wani?

A ƙasar Damagaram, tun daga unguwar Birni har zuwa Gure da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Gamu, akwai wani sauyi da ke aukuwa a jikin gidaje sannu a hankali, wanda ba a cika kawo shi cikin zance ba. Magidanci zai kira magini, a kawo bulo da siminti, a toshe ƙofar zaure ta waje, a mai da zauren ɗakin kwana. Wani kuwa ta ciki zai toshe, ya kafa kanta, zaure ya koma shago. Daga nan sai a huda katanga ta gefe a sa ƙofar ƙarfe mai sakata. Sababbin gidaje da yawa ma tun daga tushe ba a yi musu zaure. Babu dokar da aka karya, babu filin wani da aka ci, amma dattawan unguwa idan sun wuce sukan girgiza kai. Abin tambaya shi ne: mutumin da ya toshe abin da ya mallaka, da kuɗinsa da guminsa, ya zalunci wani? Idan ya zalunta, wa ya zalunta, kuma da wane haƙƙi za a tuhume shi?

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a saurari harshe, domin harshe ba ya tara sunaye a kan abin da bai dami masu shi ba. Hausa tana da kalmomi jere ga wuraren da ke tsakanin titi da tsakar gida. Akwai dakali a jikin bango, inda mai wucewa zai zauna ba sai ya nemi izinin kowa ba. Akwai rumfa, akwai zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro, inda baƙo zai yi sallama ya jira. Bayansa akwai farfajiya, sannan shigifa, wadda sai amini ko ɗan'uwa ke isa gare ta. Kowace kalma tana gaya wa mutum iyakar inda ƙafarsa za ta tsaya gwargwadon matsayinsa a gidan. Haka kuma Hausa ta bambanta rufewa da kullewa da toshewa. Abin da aka rufe da safe za a buɗe shi. Abin da aka kulle yana da mabuɗi a hannun wani. Abin da aka toshe kuwa an yanke masa hukuncin ba za a sake bi ta nan ba.

Wasu harsuna ma sun ji nauyin wannan aiki. Bafaranshe idan ya toshe ƙofa har abada yakan ce «condamner une porte», da fi'ilin nan da alƙali ke amfani da shi idan ya yanke wa mai laifi hukunci. Mutanen Sifen suna cewa «tapiar», daga «tapia», wato katangar ƙasa. Su ne kuma ke da «zaguán», ɗakin shiga mai rufi da ke tsakanin titi da tsakar gida, kalmar da suka gada daga Larabcin Andalus, kamar yadda suka gaji sunan magini da na tubali daga Larabci. Kalmar «porch» ta Ingilishi da «porche» ta Faransanci duk daga Latin suka fito, daga sunan rumfa mai ginshiƙai. A birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami mai suna Zeno ya riƙa koyar da almajiransa a wata rumfar kasuwa da ake kira «stoa», har mazhabarsa ta falsafa ta ɗauki sunan rumfar. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma yana da karatun zaure, inda aka sauke littattafan fiƙihu da nahawu ƙarni bayan ƙarni ba tare da an gina aji ko ɗaya ba.

Ba za a ce al'adar Hausa tana ƙin katanga ba. Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye birninsa da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, kuma kowane gida na Birni yana da garunsa, wanda ke kare sirrin iyali. Abin lura shi ne inda aka zuba dukiya a cikin ginin. Azarar giginya ba ta iya haye faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Don haka duk mai son ɗaki mai faɗi sai ya nemi gwanin magini wanda ya iya bakan gizo da ɗaurin guga, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wannan aiki mai tsada, tare da zanen bango da zankwaye da shafen makuba, a kan zaure aka fi kashe shi. Ke nan ɗakin da ya fi kowane kyau a gidan shi ne wanda maigida ya sallama wa mutanen waje. A nan fatake ke kwana, a nan ake raɗin suna da zaman makoki, a nan ake sulhunta ma'aurata kafin magana ta kai gaban alƙali. A ƙofarsa kuma ake ciyayya, kowane magidanci ya fito da akushinsa a haɗa hannu, ta yadda wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar nan zai ci ya ƙoshi ba tare da asirinsa ya tonu ba.

To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma adalci ne a ji ta bakin mai toshewa. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya yau an raba shi gado tsakanin jikoki, kowa da matarsa da ƴaƴansa. Yaya za a ce wa mutumin da samarinsa ke kwana a titi ya bar ɗaki guda fanko don baƙon da bai zo ba tukuna? Kuɗin hayar shago kuwa wani lokaci shi ne hatsin gidan. Giginya ta yi ƙaranci, maginan da suka iya bakan gizo suna ƙarewa, yaɓen ƙasa kuma yana neman gyara bayan kowace damina. Ga kuma tsoro: tun daga watan Fabrairu na 2015 da aka kai hari Boso da Difa, mutanen gabashin ƙasa ba sa kallon baƙuwar fuska kamar yadda iyayensu ke kallonta. Akwai kuma wata magana da masu begen jiya ba sa son ji, wato zaure ɗakin maza ne. Ga mace da ke cikin gida, sau da yawa iyaka ce da ba ta tsallakewa, kuma shawarar da ta shafi rayuwarta a can ake yanke ta ba tare da ita ba. Fiƙihun Malikiyya ma bai ɗauki toshewa abin ƙi a kowane hali ba: littafin Risala ya hana mutum huda tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa. Akwai toshewar da ita ce kiyaye haƙƙi.

Tarihin Turai yana da darasi biyu a kan wannan. Na farko, a Ingila an sa haraji a kan tagogi daga 1696 zuwa 1851, a Faransa kuma a kan ƙofofi da tagogi daga 1798 zuwa 1926. Masu gidaje suka riƙa toshe tagoginsu don rage biya, talakawan da ke haya suka rasa iska da haske, har likitoci suka yi ta kuka kafin a soke dokar a Ingila. Darasin shi ne, idan aka ga jama'a da yawa suna toshe kafofin gidajensu lokaci ɗaya, a nemi abin da ya matse su kafin a zarge su da rowa. Na biyu, a birnin Bolonya na Italiya hukuma ta kafa doka a 1288 cewa duk mai gina gida sai ya yi rumfa a gabansa, a kan filinsa, da kuɗinsa, kuma ya bar ta ga kowa ya bi. Rumfunan nan sun kai kimanin kilomita 62, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa wani sashe nasu cikin kayan tarihin duniya. Abin da Bolonya ta samu da doka, ƙasar Hausa ta same shi da kunya da sanin ya kamata, domin babu sarkin da ya taɓa ɗaure mutum don bai gina zaure ba.

A nan ne amsar tambayar take. Haƙƙi iri biyu ne. Akwai wanda alƙali zai iya ƙwato wa mai shi, kamar bashi da gado da iyakar gona. Ta wannan fuska mai toshe zaurensa bai ci haƙƙin kowa ba, kuma duk wanda ya kira shi azzalumi ya wuce gona da iri. Akwai kuma haƙƙin da ba shi da mai ƙara, wanda ya yi kama da gayya ko adashi. Babu magidancin da bai taɓa fakewa daga ruwa a zauren wani ba, ko ya yi karatu a ciki yana yaro, ko aka ɗaura aurensa a ƙofarsa. Ya riga ya kwashi rabonsa. Idan ya janye nasa zubin, ba za a nuna mutum ɗaya a ce ga wanda aka cuta ba, amma asusun ya ragu. Zaure ɗaya idan ya toshe unguwa ba za ta ji ba. Idan kowa ya yi abin da shi ya yi, wanda kuwa kowa yana da hujja irin tasa, za a wayi gari babu wani matsayi tsakanin titi da tsakar gida, sai dai a bar mutum cikin rana ko a shigar da shi har inda iyali suke. Da yake na biyun yana da wuya, na farkon ne zai zama al'ada.

Asarar kuma ba daidai take faɗa wa kowa ba. A da, mai son ganin maigida yakan tsaya a zaure ya aiki yaro ya ce ana sallama. Yau wayar hannu ta karɓi aikin yaron, amma ga wanda ke da lambar maigida kaɗai. Abokin kasuwanci da babban ma'aikaci za su kira a buɗe musu. Wanda ya rage a bakin ƙofar ƙarfe shi ne baƙauyen da ya zo asibiti dare ya yi masa, da tsohuwar da ta zo neman taimako ba ta son a gan ta, da maƙwabcin da aka yi saɓani da shi, wanda zai iya zama a zaure kamar ya zo shan inuwa har magana ta ɓullo da kanta, amma girman kai ba zai bar shi ya buga ƙarfe ba. Zaure yana ba mutum damar kusantar gida ba tare da ya bayyana buƙatarsa tun daga farko ba, kuma mabuƙaci ya fi kowa sanin darajar wannan.

Saboda haka wajibin bai rataya ga tubali da azara ba, ya rataya ne ga aikin da zaure ke yi. Wanda larura ta sa ya toshe zaurensa bai yi laifi ba, amma bashin yana nan a kansa, sai ya nemi wata hanyar biya: dakali a jikin katanga, ko rumfar kwano, ko itacen dogon yaro da randar ruwa a gindinsa. Manomin ƙauye a ƙasar Gamu wanda gidansa darni ne na kara, amma ya kafa rumfa a ƙofa ya shimfiɗa tabarma, ya fi kusa da manufar zaure bisa ga attajirin da ya gina soro mai zane ya ɗaure kare a bakinsa. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma. Kuma tunda an yarda tsohon zaure ya tauye mata, babu abin da ya hana sabon ya gyara, a samu inuwar da mace ma za ta karɓi baƙinta.

Tun 2006 Nijar ta gabatar da unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da take neman a ɗauka kayan tarihin duniya, tsohon garin Agadas kuwa ya samu shiga a 2013. Wannan abin so ne, sai dai gyaran fuskar gini da zanensa ba zai wadatar ba idan ƙofar a kulle take sai masu yawon buɗe ido sun zo. Malaman lakwal suna iya aiken ɗalibai su tattaro sunayen sassan gida daga bakin tsofaffin magina, da Hausa da Barbarci, su kuma ƙirga zaurukan da suka rage a buɗe a unguwarsu. Ƙungiyoyin al'adu suna iya zama da magadan gari lokacin da ake yanka filaye, a nemi a bar ƴan taku a gaban kowane gida don inuwa. Magidancin da ke shirin kiran magini kuwa, kafin a ɗora bulo na farko, ya dace ya tambayi kansa inda wanda bai san lambarsa ba zai tsaya idan ya zo.